Ƙanzon Kakata

Har yau in na ji ƙaurin tuwo sai in tsaya in shaƙa. Ku kuna toshe hanci, ni kuwa abin da ya raya ni ke nan.

A wani ƙauye tsakanin Ikara da Makarfi aka haife ni, cikin gidan gandu. Rumbu na kakana ne, shi ke auna wa mata hatsi. Mu Maguzawa ne a lokacin. Ubana ne ya fara bin Yesu a gidan. Da damina ta faɗi aka ce ya kawo jan zakara na tsafin gona, ya ce shi ya daina. Kakana bai ɗaga murya ba. Ya miƙa masa fartanyarsa, ya sa aka ja danga tsakaninmu da sauran gida, ya ce ko ƙwaya ɗaya kada ta fita daga rumbu zuwa ɓangarenmu.

Marka ta same mu a haka. Ruwa ba ya tsayawa, dawa ba ta nuna ba. Tafasa muke ci da rama, wani lokaci ba ko gishiri. Ƙanwata ba ta ga girbi ba.

Kakata ba ta da ikon taɓa rumbu. Amma ƙanzo ba a auna shi, ba wanda ke tambayar inda ya tafi. Sai ta riƙa barin tuwo ya kama tukunya, ya yi kauri kamar tafin hannu. Ta kankare, ta miƙo mana ta ƙarƙashin danga, uwata ta jiƙa mu sha. Duk daminar nan gidan gandu tuwo mai ƙauri suka ci.

Wata rana ina jin kakana ta bayan danga.

“Tsohuwa, bana wutarki ta yi yawa.”

“Itacen ne ya bushe,” in ji ta. Alhali ruwa ake zubawa.

Ya sani, ya ci tuwonsa. Amma bai buɗe rumbu ba, ubana kuma bai koma tsafi ba. Har tsohon ya mutu ba su sake zama tabarma ɗaya ba.

Ban yi makaranta ba. Littafi Mai Tsarki ma karanta mini ake yi. Duk da haka ikilisiyarmu ta zaɓe ni dattijo, don furfura, ina tsammani.

Bara ɗan wata gwauruwa a cocinmu ya musulunta. A Makarfi yake aikin mazarƙwaila, yana zuwa ƙarshen mako ya ci abinci wajen uwarsa. Mazan coci ne ke yi mata gayyar noma tun mutuwar mijinta. Bayan sujadar Lahadi dattawa suka zauna, suka ce a janye gayya har sai ta rufe masa ƙofa. A lokacin ciyawa ta fara cin masararta, ita kuma ƙafa ta hana ta sunkuyawa.

Faston namu yaro ne, ya juyo wajena. “Baba, ba ka ce komai ba.”

Na ce, “An taɓa yi mana. Yunwa ba ta dawo da kowa ba, yarinya kawai ta kashe.”

Wani dattijo ya ce, “To mu yi noma, wanda ya bar mu ya ci?”

“Uwarsa ce za ta ci. Wanda ta ba, ruwanta.”

Ba a yanke magana ba. Ranar Talata na ɗauki fartanya na shiga gonarta. Kafin hantsi Fasto ya zo, bai ma iya riƙe ƙota ba. Wasu suka biyo, wasu ba su zo ba. Gida biyu sun daina zuwa cocin har yanzu, kuma sun daina gaishe ni.

Yanzu ba gandu, ba rumbu, hatsi a buhu yake. In za a yanke hulɗa da mutum, lambarsa ake sharewa a waya. Yaron bai dawo coci ba, ban kuma sa ran haka ba lokacin da na shiga gonar. Uwarsa ta girbe masararta. Duk Lahadi tana wurinta a layin zumuntar mata, tana yi masa addu'a da ƙarfi, mu ce amin.