Malam Kyari Mai Kanwa da Malaman Kasuwanci

A Fagge aka haifi Malam Kyari, amma mahaifinsa daga Kukawa ya zo da fataucin kanwa. Kyari ya gaji sana'ar, ya kuma gaji son hira. Rumfarsa ba ta rabuwa da baƙi, har matarsa Yagana takan ce shayin da yake dafa wa mutane ya fi kanwar da yake sayarwa yawa.

A shekarar 1954 wani saurayi mai tabarau ya tsaya a bakin rumfar, ya yi sallama da Hausa tsantsa. Sunansa Nwabueze, ɗan wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a Sabon Gari ya tashi. Ya yi karatun tattalin arziki a Ingila, yanzu yana koyarwa a Ibadan, kuma yana son ya rubuta yadda kanwa take tasowa daga Barno har ta isa kudu.

"Littafi a kan kanwa?" in ji Kyari, yana tafa hannu. "Zauna, Malam! Yau ka zo gida."

Duk damunar nan tare suka yi ta yawo. Kyari ya kai shi tasha wajen masu lodi, ya haɗa shi da dillalai da tsofaffin fatake. Da littafin ya fito, Nwabueze ya zo da kansa ya nuna masa sunansa a shafin farko, cikin waɗanda aka yi aikin da su. Kyari ya zagaye Fagge da littafin a hammata, ko da yake ba ya karanta boko.

Bayan 'yan shekaru sai ga wani malamin, Jimoh, mutumin Ilori, riƙe da littafin nan. Ya gai da Kyari da ladabi, sannan ya ce, "Baba, na karanta aikinku, har na ambace shi a rubutuna. Amma inda aka ce jirgin ƙasan Nguru ya kashe fataucin kanwa a kan jakai, ban yarda ba."

Ran Kyari ya ɓaci, domin shi ne ya faɗa wa Nwabueze haka. Ya san abokin nasa yana hutu a gidan iyayensa, sai ya hau kekensa ya nufi Sabon Gari, babbar riga na kaɗawa.

"Malam, an zo a rushe mana aiki!"

Nwabueze ya saurara, sai ya tuntsire da dariya. "Ya ce ya ambace mu? Alhamdu lillahi, kamar yadda kuke faɗa! Malam Kyari, a wajenmu da haka ake gane nauyin malami. Ana duba su wa suka ambaci aikinsa a nasu rubutun, da su wa suka yarda suka yi aiki tare da shi. Littafin da ba wanda ya tanka masa, shi ne matacce."

"Ko da mai musu ne?"

"Mai musu ai sai da ya karanta."

Kyari ya buga cinya. "To ai haka malamanmu suke! Wane ya ɗauki karatu daga wane, shi kuma daga wane. Tashi, tashi mu je, kada baƙon ya tafi!"

Ya haɗa su a rumfarsa, ya aika gida aka kawo burabusko da miyar kuka. Musu ya kaure, Turanci na tashi, Hausa na tashi, masu sayen kanwa suka tsaya kallo. Da abin ya ƙi ƙarewa, Kyari ya ce a je a gani da ido. Suka hau babbar mota zuwa ƙauyukan gabashin Kano ranar kasuwa. Suna sauka suka tarar da jakai jere, kowanne da mangalar kanwa. Ashe fataken ba su daina ba, sun koma garuruwan da jirgi ba ya zuwa.

Kyari ya kama hannun Jimoh ya ɗaga sama. "Ɗan nan ya yi gaskiya! Ni na zauna a Fagge na daina ganinsu, na ɗauka sun ƙare. Ku rubuta, ku rubuta tare!"

Haka kuwa aka yi. Sabon rubutun ya fito da sunayen malaman biyu, kuma ya fi na farko yawo. A 1959 aka ƙara wa Nwabueze girma a wajen aikinsa. Ranar da labarin ya iso, Kyari ya yanka rago, ya gayyaci maƙwabta daga Fagge da Sabon Gari, aka ci aka sha har la'asar.

Daga nan masu bincike suka riƙa sauka a tasha suna tambayar rumfar Malam Kyari. Wata daga cikinsu ta zo neman labarin masu rini, sai ya rufe rumfa da rana tsaka, ya ce ya san wata tsohuwa da ya kamata ta gani, suka kama hanya.