Wa-ya-isa a Hanyar Gona

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, amma daminar da aka kusa kashe mini kare a ƙauyenmu Turawa tana nan daram, da ita za a binne ni.

Maigidana ya rasu ya bar mini gonar gyaɗa a gindin dutse, da birai, da kare. A wajenmu da sunan kare ake habaici. Marigayi kuwa ba sa ga maciji da maƙwabta, sai ya raɗa masa Wa-ya-isa. In babu karen nan, birai ne za su ci gyaɗar, ni da 'ya'yana mu sha kallo.

Aibinsa ɗaya. Da ya hango wani kare a hanyar gona sai haushi, yana fizgar igiya kamar zai cire mini hannu. Ni kuma in ƙanƙame igiyar in kwarara ihu, "Wa-ya-isa! Wa-ya-isa!" Ban taɓa tunanin yadda abin ke sauka a kunnen mai ɗaya karen ba, sai ranar da wani mafarauci ɗan Beli ya ja ya tsaya.

"Baiwar Allah, ni na isa."

"Malam, da kare nake."

"Au, yanzu kuma kare na zama?"

Magana ta kai gaban mai unguwa. Ya ce ƙara ta uku ke nan, in aka kawo ta huɗu a kashe karen.

Washegari kawun marigayi, tsohon maharbi, ya bi ni gona. Ya tsaya yana kallo har muka gama dambarwa da wani karen Fulani. Sannan ya ce, "'Yar nan, a cikinku wa ya fara haushin?"

"Haba Baba, wace irin tambaya ce wannan?"

"Ke ce. Tun bai gani ba kin ƙanƙame igiya kin wage baki. Shi taya ki yake yi, ya zaci yaƙi ne."

Ya ce in sassauta igiyar, in ratse gefen hanya, in miƙa wa karen guntun ƙuli-ƙuli tun bai buɗe baki ba, ni kuma in rufe nawa. Ƙuli-ƙuli bai ba ni wuya ba, ni ke soya shi. Rufe bakin ne na kwashe sati uku ina koyo.

Ana dab da cirar gyaɗa sai ga mafaraucin nan da karnuka huɗu. Na ratse, na sassauta igiya, na ciji leɓe har na ji gishirin jini. Wa-ya-isa ya yi gurnani, ya ɗago ya dube ni, ya ga ban ce komai ba, ya zauna yana taunar ƙuli-ƙulin da na miƙa masa. Mutumin ya wuce yana ta waiwaye. Ina jin ya so a tanka masa.

Ba a kai ƙara ta huɗu ba. Tun daga nan, in na ga na ƙasa da ni yana hauka, kafin in daka masa tsawa nakan saurari tawa muryar tukuna. Har yau ban cika son abin da nake ji ba.