Ranar da Aka Ji Muryar Kawu

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki, kowane mai babbar riga a Wudil sai da ya ga ya dace da mulki. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai sayar da hatsi ne, shi ma ya fito takarar shugaban ƙaramar hukuma. Ni kuwa gyaran rediyo nake yi kusa da gada, don haka kayan magana suka faɗo a wuyana.

Tsohuwar amfilifaya gare mu, akwatin ƙara ƙarfin murya, wadda in an kunna sai ta kama kuka kamar injin niƙa. Kawu yana buɗe baki, ita tana nata. Duk da haka a Darki an yi masa tafi, a Kausani har wani tsoho ya ce rabonsa da jin jawabi irin wannan tun jamhuriya ta biyu. Ni dai kunya ta ishe ni, don kowa ya san ni ne mai kayan.

Sai na ƙudurta haɗa 'yar na'urar da za ta ɗaga muryar makirufo tas kafin ta shiga amfilifaya. Na farke matattun rediyoyi ina ciro transisto, ina gwada kowanne da kunne, mai huci in jefar. Na gajarce wayoyi, na liƙe su da darma, na raba ta da janareto na sa mata batir. Sannan na rufe ta cikin gwangwanin madara don kada ta kwaso hayaniyar waje. Da na gwada, har haɗiyar yawuna na ji a lasifika. Wallahi na yi alfahari da kaina.

A Dagumawa muka fara amfani da ita. Kawu ya hau benci ya gyara hula, kuma a karon farko jama'a suka ji abin da yake faɗa.

Ashe babu komai a ciki. Ya ce "wato" har na gaji. Ya ba da labarin ciwon gwiwarsa. Ya yi alkawarin haƙa musu rijiya, alhali inuwar da yake tsaye ta bishiyar bakin rijiyarsu ce. Wata mai tallan fura ta tambaya da ƙarfi ko takarar ce, ko asibiti yake nema. Aka bushe da dariya, makirufon nan mara mutunci ya kwashe dariyar ya ƙara mata ƙarfi.

A mota Kawu ya juyo.

"Kai, Injiniya, me ka yi wa kayan nan?"

"Gyara na yi, Kawu. Ƙarar na cire."

"Wa ya aike ka? Mayar mini da ƙarata!"

Na cire gwangwanin, amma an makara. Ranar Juma'a kasuwar Wudil ta ci, labarin gwiwa ya bi masu shanu ya shiga kowane ƙauye. Kawu ya sha ƙasa, ya daina amsa gaisuwata har bayan Sallah. Abin ya dame ni ƙwarai, don mutumin kirki ne, magana ce kawai Allah bai ba shi ba.

Wanda ya kayar da shi kuwa da wata lasifika mai gurnani ya yi yawonsa kaf. Har yau ana yabon iya maganarsa, kuma ban taɓa haɗuwa da wanda ya ji abin da ya ce ba.