Farin da ke Cikin Idon Ɗana

A shekarar da motoci suka koma tuƙi ta hannun dama, ni baduku ne a kusa da Hubbaren Shehu, ina ɗinka takalma da rana, da yamma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ido ɗaya gare ni tun ina jinjiri. Baffana, wanda ya rene ni, ya sha gaya mini ƙaya ce ta tsone ɗayan.

A shekarar ne matata ta lura da wani fari a ƙwayar idon ɗanmu na fari, yana sheƙi kamar idon kyanwa. Muka kai shi asibiti tare da baffa. Likita ya ce ciwon daji ne, a cire idon kafin ya bazu. Ya yi bayani cewa jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kowace tana ɗauke da umarnin da aka gado, rabi daga uwa, rabi daga uba. Da umarnin nan take ƙera sinadaran da ke yi mata aiki, har da wanda ke tsayar da ita idan ta isa. In wannan wuri na umarnin ya ɓaci, sai ta yi ta hayayyafa ba birki. Na gane, don a aji in ka kwafi harafi a karkace, duk wanda ya kwafa daga gare ka haka zai kwafa.

Sai likita ya dubi fuskata, ya tambayi yadda na rasa nawa idon. Kafin in buɗe baki baffa ya ce ƙaya ce. A hanya ya yi ta faɗa, wai yanar ido ce kawai, wai don na koyi abacada zan miƙa jikansa a ƙwaƙule masa ido kamar kan rago. Ni kuwa da haƙurina na banza na biye masa. Ya kawo mai cire yanar ido da allura daga Wamakko, ni na riƙe ƙafafun yaron. Kafin kaka idon ya kumbura ya fito waje, ɗana ya rasu yana kuka.

Ranar sadakar bakwai gwaggona ta ja ni gefe, ta ce babu wata ƙaya. Irin farin nan aka gani a idona, mahaifina ya yarda likitan mishan ya cire, shi ya sa nake raye. Baffa ya sani. Ya ɓoye ne don kada a ce gidanmu da ciwon gado, a ƙi auren 'ya'yansa. Har ya mutu ban ƙara zama tabarma ɗaya da shi ba.

Da irin farin ya fito wa ɗiyar da muka haifa daga baya, ban shawarci kowa ba. Aka cire idon, yanzu tana da aure. Jama'a, ku gaya wa likita gaskiyar ciwon gidanku, kuma kada kunyar babba ta rufe muku baki a kan ran yaro. Ni abin da aka ci mini ke nan: ɗa ɗaya, da mutumin da na ɗauka uba.