Tabon Girar Athambawa

Ni na fasa wa Athambawa gira. Gara na faɗa da bakina tun farko, kada wani ya zo ya ƙara gishiri. Ina da shekara tara, yana da goma sha ɗaya, muna tsakar gidan kakarmu a garinmu Sammanthurai, ya dube ni ya ce hancina kamar an zauna a kansa. Ludayin ɓawon kwakwa ne a hannuna, na sauke masa shi a fuska. Girarsa ta hagu ta rabu biyu, gashi bai sake tsirowa a wurin ba. Ɗan gwaggona ne, abokin wasana, shi ya sa ba wanda ya ɗauki abin da zafi sai uwata, wadda ta zane ni har na kwana biyu ina zama a karkace.

Ya bar garin nan lokacin da yaƙi ya fara cin samari. Italiya ya nufa, ya yi wanke-wanke a gidajen abinci, daga baya ya samu aiki a masana'antar jima. Can ne sunansa ya fara ba shi wahala. Mu nan sunan uba ke gaba, naka ya biyo baya. Uthumalebbe Athambawa, wato Athambawa ɗan Uthumalebbe, ko yaron goye ya san haka. Su kuwa sai suka tambaye shi sunan dangi, abin da ba mu da shi. Sai ya nuna musu sunan babansa. Shi ke nan, shekara goma sha takwas ana ƙwala masa kira da shi: "Uthumalebbe, kawo faranti! Uthumalebbe, share nan!" Mutumin da bai taɓa furta sunan ubansa a gabansa ba, ga shi wani ƙato yana aiken sunan share ƙasa. Da tsohon ya rasu, hanya a rufe, Athambawa bai samu zuwa jana'iza ba, kiran ya koma yi masa ciwo sosai.

Da ya kwashe iyali ya koma Ingila, ya zama direban bas a Leicester, har suka ba shi tasu takardar zama ɗan ƙasa, sai ya juya sunayen. Nasa ya koma mazaunin sunan dangi, aka fara ce masa Mista Athambawa. Ya ɗauka wayo ya yi. Fasfo biyu ke nan a aljihunsa, na Italiya da na Ingila, kowanne da nasa jerin sunayen, ƙasarmu kuwa tuni ta cire shi daga cikin 'ya'yanta tun ranar da ya karɓi na farko.

Ana saura wata guda korona ta rufe duniya ya zo duba yayarsa Seinambu. Ciwon suga ya cinye mata idanu, mijinta ya rasu, Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya ba. Ni nake leƙa ta ta katanga, ni ma ɗin gwiwa ta fara ƙi. Ina nan ranar da ya iso. Ya yi sallama, ta ce waye, ya ce shi ne. Ta ce muryar ba ta ƙanenta ba ce, ya matso. Ta laluba fuskarsa har yatsanta ya faɗa cikin tsagar girar nan, sai ta fashe da kuka. Wallahi ni ma sai da na juya baya.

Hutun wata ɗaya ya zo yi. Aka rufe filin jirgi, aka sa dokar kulle, wata ɗaya ya zama bakwai. Baturen Leicester ya koyi yi wa yayarsa allurar suga, ya koyi kankare kwakwa, ya koyi dafa shinkafa ba ta cabe ba, ko da yake miyar kifinsa har yau sai mai haƙuri. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa sun yi aure, fansho yana shigo masa. Wata safiya ya leƙo ta katanga ya ce, "Muthu mai ludayi, ni fa na zauna."

Na ce, "Da izinin wa? Kai baƙo ne a nan, ko ka manta?"

Bai manta ba. Neman a dawo masa da zama ɗan ƙasa abu ne na shekaru, shi kuma wa'adin ziyararsa ƙara masa ake yi wata-wata. Abin da ya rage shi ne bizar tsofaffin baƙi masu fansho, wadda Turawa ke nema don su zo su sha iska a bakin teku. Mutumin da aka binne cibiyarsa a gindin mangwaron gidan nan, shi ne zai nemi izinin zama irin na baƙo! Raina ya ɓaci, amma shi dariya ya yi. Ya tura wa ofishin shige da fice takardu ta waya: shaidar fansho, shaidar 'yan sandan Ingila cewa ba shi da laifi, da hoton fasfon da ya shigo da shi.

Amsa ta zo bayan sati biyar. Wanda ya shigo ƙasar da fasfon Italiya sunan danginsa Uthumalebbe. Mai fansho kuma mara laifi sunan danginsa Athambawa. Mutum biyu ne a wurinsu. Suka ce ya kawo shaidar cewa mutum ɗaya ne cikin kwana ashirin da ɗaya, in ba haka ba ya bi jirgin da ke kwashe baƙi. In ya fita kuwa babu dawowa sai ranar da aka buɗe ƙasa, ranar da ba wanda ya sani, Seinambu kuma ba ta da mai yi mata allura.

Na ce masa, "Ka ga wayonka ko? Wa ya aike ka juya suna?"

Ya shiga ɗaki ya haɗa akwatinsa, ya ajiye a bakin ƙofa. Ya ce wa yayarsa wai ɗakin ne yake da laima.

Muka shiga nema. Takardar haihuwarsa ambaliya ta ci ta tun da daɗewa, ofishin da zai ba da wata kuma a rufe. Ofisoshin jakadancin nasa biyu ba sa ganin kowa. Saura hanya ɗaya, wadda kowa a nan ya sani: jami'in unguwa ya rubuta cewa sunaye biyun na mutum ɗaya ne. Tamu jami'ar mace ce, Nusrath, 'yar shekara talatin da wani abu. Ta zauna can nesa a bayan tebur, takunkumi a fuska, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban san ka ba. An haife ni bayan tafiyarka. In sa hannu a kan me?"

Gaskiyarta. Waɗanda suka san shi yawanci suna maƙabarta, sauran 'ya'yansu sun kulle su a ɗaka don tsoron cuta. Ya miƙe zai tafi, kafaɗunsa a sake. Ni kuwa jinina ya hau. Na fizge fasfo biyun daga hannunsa, na buɗe su gefe da gefe a kan teburin.

"'Yata, dubi wannan hoton. Dubi wancan. Yanzu dubi tsohon nan. Me kika gani a girar hagu?"

Ta duba, ta sake dubawa. "Tabo."

"Ni na yi shi. Da hannun nan. In akwai wani Athambawa da na fasa wa gira, a kawo shi in gani."

Dariya ta kama ta har takunkumin yana rawa. Ta jawo takarda ta rubuta komai, har da ludayin, ni Pathumuthu 'yar Meerasahib na sa hannu, wani tsohon hedimasta mai izinin rantsarwa ya buga hatimi ta tagar gidansa.

Kwana huɗu ya rage muka samu izinin 'yan sanda na ƙetare gunduma. Ya ce in zauna, na ce takarda ba ta da baki, ni ina da shi. Na bar Seinambu a hannun surukata, muka ɗauki shatar mota bayan sallar asuba. Shingen sojoji bakwai muka wuce kafin Colombo, babban birni, kowanne sai an auna zafin goshinmu.

A ofishin shige da ficen, kujera ɗaya a zauna, biyu a tsallake. Jami'in da aka tura mu wurinsa dattijo ne mai furfura, yana bayan gilashi. Ya daɗe yana juya takardun, ya ce, "Malam, wa ya ba ka shawarar juya sunanka?"

"Ni na ba kaina, ranka ya daɗe."

"Saboda me?"

Har na fara shirin amsawa a madadin Athambawa. Sai ya ce, "Na gaji da jin ana aiken mahaifina wanke faranti. Ya rasu ban zo ba. Abin da na iya yi masa ke nan."

Dattijon ya ajiye biro. Can ya ce dole ya gwada fuska da hoto. Athambawa ya kai hannu zai cire takunkumi, mai gadi ya daka masa tsawa daga bakin ƙofa, an hana. Amma jami'in ya ce ya bar shi, ya matso dai. Takunkumi ya rufe hanci da baki da haɓa, bai rufe gira ba. Ya dubi hoton Italiya, ya dubi na Ingila, ya dubi mutumin, ya koma kan takardar Nusrath.

"Wace ce Pathumuthu?"

"Ga ni."

"Da ludayi, Hajiya?"

"Na kwakwa, ranka ya daɗe. Da na ƙarfe ne, da yau ba mu zo ba."

Ban taɓa jin ƙarar hatimi mai daɗin wannan ba. Bizar shekara biyu, kuma ana sabuntawa. A fasfon da ya shigo da shi aka buga, na Italiya, inda sunan babansa yake a sama da manyan baƙaƙe. Athambawa ya tsaya yana kallon shafin, hawaye yana shiga cikin takunkumi. Na ce, "Share, kada mai gadi ya ce mura kake yi."

Washegari da la'asar muka iso gida. Sai da ya yi wanka a bakin rijiya ya sauya kaya kafin ya shiga. Seinambu tana zaune a kan tabarma da carbinta. Ya durƙusa ya ɗora mata fasfon a tafin hannu, ya ce, "Yaya, sun ce in zauna."

Ta shafa shafin, ta ce in karanta mata. Na karanta, har da sunan. Ta ce in sake, na sake. Ta ɗaga hannu ta nemi fuskarsa, yatsanta ya tsaya a inda ya saba tsayawa.

Sannan ta ce, "To ɗauke akwatin nan daga bakin ƙofa. Sati uku ke nan kullum sai na yi tuntuɓe da shi, ban dai faɗa maka ba."