Muryar Mai Walda

Lasifika ake ce masa, ba kuwa don yawan surutu ba. Ƙarar injin yankan ƙarfe ce ta cinye masa kunne tun yana saurayi, shi kuwa wanda ba ya jin kansa bai san iyakar muryarsa ba. In yana ciniki a shagonsa na walda, duk layin ya san kuɗin aikin. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana gidan miji a wata unguwa. Ɗakinsa na bayan shago: katifa, risho, da ƙusar da yake rataye rigar fita. Maƙwabta na tsokanarsa, yana ramawa ko bai ji abin da aka ce ba. Iyakar hirarsa ke nan a duniya, kuma ta ishe shi.

Wata rana wani direba ya toshe masa ƙofa da mota. Lasifika ya fito ya roƙe shi ya matsa, ya manta da guduma a hannunsa. Direban ya ji tsawa, ya ga guduma, ya ƙwala ihu. Kafin ka ce kwabo hanya ta cushe. Da ɗan sanda ya zo, Lasifika ya matsa dab da fuskarsa yana bayani da muryar da Allah ya bar masa. Sai ankwa.

A caji ofis suka karɓe bel ɗinsa da waya da baƙin gilashin da ke goshinsa. Sajan ya zaunar da shi, ya soma tambaya, kansa na kan takarda.

"Ka tare hanya ka tara jama'a?"

Shi dai ya ga baki na motsi. A shago, in wanda ya kawo aiki na zuba, "haka ne" yake cewa, sannan ya je ya auna ƙofar da kansa, tunda awo ba ya ƙarya. Abin da ya saba ya yi.

"Haka ne."

"Ka ɗaga wa jami'i guduma?"

"Haka ne, yallaɓai."

"Kai tsoho, Allah ya yi maka albarka. Da kowa irinka ne da mun huta."

Aka tura shi bayan kanta, inda mutane ke ta labari, ana dariya. Ya zauna a lungu yana riƙe da wando kada ya zame. Da aka zo batun beli, sai da sajan ya yi masa ihu a kunne: wa zai tsaya masa? Ya lalubi mutanen layin ɗaya bayan ɗaya, ya tarar ko sunan kirki na wani bai sani ba, sai na tsokana. Dole ya ba da lambar 'yarsa.

Ta zo da goyo, mijinta na biye yana kallon ƙasa. Ta zagaya ta kunnensa na hagu, mai ɗan sauran rai.

"Baba! Me ka amsa musu?"

"Me suka tambaya?"

Ta ɗora hannu a ka.

A kotu ita ta yi bayani. Direban ma ya ce gaskiya Lasifika bai ɗaga gudumar ba, tsoro ne ya sa ya gan ta a sama. Alƙali ya yi watsi da batun guduma, ya ce tunda karon farko ne ba ɗauri. Amma ya kafa sharaɗi: in aka sake kawo shi kan ɗaga murya a bainar jama'a kafin shekara ta zagayo, gidan yari zai tafi. A bakin kotu ta faɗa masa da ƙarfi, mutane na waiwaye.

"To, uwata, ta yaya zan san na ɗaga?"

Sai ta ce ya dawo wurinsu da zama.

"Gidan suruki? Ina da hannu, ina da shago. Je ki, yaron ya gaji."

Da ya koma, ya rufe ɗaki ya shiga koyon magana kamar mai koyon sana'a. Ya dafa maƙogwaro, ya ce "ina kwana," ya ji karkarwar a yatsunsa, ya rage. Ya sake ragewa, har ya daina jin komai. Ya ce yauwa, wannan ba ta kai kowa kotu.

Da safe mai wanki ya zo wucewa da ƙunshi a ka. Lasifika ya gaishe shi. Mutumin ya wuce. Tela ya buɗe shago, Lasifika ya gaishe shi, shi ma bai juyo ba. Leɓensa kawai ke motsi, murya ba ta fita, shi bai sani ba.

Yanzu a layin cewa ake tun da ya shaƙi iskar caji ofis ya daina kula mutane. Shi kuma ya yanke cewa ba mai son amsa gaisuwar wanda aka sa wa ankwa. Bai ga laifinsu ba. Yana buɗe shago da wuri, ya saukar da gilashi a ido, ya kunna inji.