Shafin Aro a Komin Shanu

Ba zan manta da shekarar da aka sake buɗe kan iyakar Kongolam ba. A shekarar na sayo wata saniya daga ƙetare, kuma ba a jima ba maruƙan maƙwabcina suka kamu da zawon da ya ƙi jin magani. A komi ɗaya muke shayarwa a bakin rijiya. Sai ya kai ƙara wurin mai gari, wai baƙuwar saniyata ce ta kawo cutar, a hana garkena ruwa. A tsakiyar rani, hana ruwa daidai yake da a ce in sayar da garken.

Ɗiyar ƙanena tana nazarin ƙwayoyin cuta a jami'a. Ta zo ta ɗebi kashin shanunmu duka da taɓon komin. Maƙwabcina ya yi dariya, ya ce, "Malam, bokon kenan? A kwashe kashi a kai birni?"

Mai gari dai ya ce a jira ta.

Da ta dawo, ta ce, "Baffa, kowace ƙwaya tana da rubutun halittarta, mun jera su mun gwada. Wadda ke kashe maruƙa babu ita a cikin saniyarka. Amma akwai yanki guda a rubutun wannan ƙwayar, mai hana magani aiki, wanda ba gadonta ba ne. Mun same shi, harafi da harafi, a wata ƙwaya daban da ke zaune a taɓon komi."

Nan take na gane, domin na taɓa karanta littafin ajami, na tarar mai kwafa ya cuso shafin wani littafin a tsakiya. Ashe ƙwayoyin cuta ma suna aron shafi, da ikon Allah.

Ta tambaya, "Wa ke zuba kafson magani a ruwan shan dabbobi?"

Duk garin muna yi, ko dabba lafiyarta ƙalau. Ta ce da haka muka yi ta kashe raunanan ƙwayoyi, masu shafin suka yawaita, har mai kashe maruƙa ta are shi.

Washegari na iske maƙwabcina riƙe da guga, yana ja wa shanuna ruwa. Ya ce, "Na ɗauki alhakinka, Malam." Na ce na yafe, muka kankare komin tare.

Tun daga ranar ba na ɗora wa baƙo laifi sai na fara duba abin da hannuna ya zuba.